Ku Tambayi Kawu: Masu harhaɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba

Tambaya: Kawu barka da aiki, dan Allah a taimaka min. Na sayi tankar Tiger I ta harhaɗawa, sikeli 1/35, itace ta farko a rayuwata, ina buɗe kwalin naga tarkace ɗaruruwa jikina yayi sanyi amma dai na daure na fara, gam ya ɓata min gefe ɗaya har shatin yatsana ya fito a jiki, sarƙar ƙafa kuma taƙi haɗuwa, yau wata uku kenan tana ajiye ko kallonta bana son yi. In jefar ne ko akwai gyara? Daga Sabon Shiga.

Amsa: Ƙanina kar ka jefar, rufe kwalin ka ajiye, zata jira ka. Ai ba hannunka bane ya gaza, ka fara ne da wadda ko tsofaffin hannu sai sun nutsu. Tiger ta gaske ma haka ta wahalar da makanikan Jamus, tayoyinta a sarƙafe suke ɗaya cikin ɗaya, in ta ciki ta lalace sai an kwance na waje kafin a kai gareta, kuma kowane gefe sarƙarta gaɓa 96 ce, to in kamfanin da yayi taka ya baka gaɓoɓin ɗaiɗai kaga kusan 200 kenan da sai ka yanke, ka goge, ka jera.

Maganar gam kuwa nan ne kusan kowa ke faɗawa. Gam ɗin wannan aikin narkar da robar yake yi, ɓangarorin biyu su narke su zama abu ɗaya kamar walda, shi yasa da ka taɓa wajen da ɗanyen gam yatsanka ya zauna. Nemi mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin, mai ɗan burushi a murfinsa. Ka fara haɗa ɓangarorin a bushe kaga sun zauna daidai, ka riƙe, sannan ka ɗan taɓa bakin burushin a layin da suka haɗu, zaka ga gam ɗin ya bi layin da kansa ya shige ciki kamar yadda ruwa ke bin zare, shikenan kar ka ƙara. Shatin yatsan nan kuma barshi ya bushe sosai, kwana biyu ma ba laifi, in ka goge yana ɗanye ƙara dagulewa zai yi, sannan ka bishi da sanfefa lamba 400, ka koma 600, ka gama da 1000, da ka shafa fentin farko babu mai sanin an taɓa yin komai a wajen.

Kafin ka koma kanta inaso ka samo mai sauƙi ka gama ta har fenti. Kamfanin Tamiya nada wata ƙaramar tanka, Panzer II, da suka fitar tun shekarun 1970 kuma har yanzu ana bugawa, kayanta kaɗan ne, sarƙarta roba ce mai laushi guda ɗaya kowane gefe, a 'yan kwanaki zaka kammala. Gaskiya ni nafi son mutum ya gama ɗaya mai kurakurai akan ya tara kwalaye biyar duk rabi da rabi, domin a wadda ka gama ne hannunka yake koyon komai, yanka, guga, fenti, sitika. Kuma kar ka dinga murɗe kayan daga jikin firam ɗin robar da suka zo a manne da shi da hannu, yanke da ƙaramar filaya mai kaifi, ka bar ɗan saura, ka kankare da reza.

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarona ɗan shekara 11 ya dame ni in saya masa irin wannan, naga wasu an rubuta 1/35 wasu 1/72, menene bambancin, kuma babu hatsari? Daga Maman Yara.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Lambar tana nufin sau nawa aka rage girman ta gasken. Ɗauki Sherman ta Amurka, wadda aka ƙera sama da 49,000 tsakanin 1942 da 1945, tsawonta wajen mita 6 ne, to a 1/35 zata zo wajen santimita 17, a 1/72 kuma wajen santimita 8, zata zauna a tafin hannu. Mutane suna ɗauka ƙaramar ce ta yara, ni kuwa 1/35 nake ba yaro, saboda kayan 1/72 wasu basu kai ƙwayar ashana ba, sai da hantsaki, ɗaya ya faɗi ƙasa kuka ya tashi. Shi wannan 1/35 ɗin ma Tamiya ta Japan ce ta yaɗa shi, a farkon shekarun 1960 suka yi tankar Panther mai ɗan injin lantarki a ciki, girman da zai ɗauki batura suka bi sai ya faɗo a 1/35, daga baya sauran kamfanoni suka biyo.

Hatsarin reza ce da warin gam. Aikin reza ki riƙe masa da kanki ko babansa, a buɗe taga in ana gam, a saya masa fentin akirilik wanda ake tsinka shi da ruwa, kuma a ɗauke komai daga inda ƙannensa masu rarrafe zasu kai.

Tambaya: Kawu na gama T-34, tankar Tarayyar Sobiyet, na yi mata koren fenti sai tayi kamar abin wasan yara, na zuba mata tsatsa da laka ko'ina sai kuma ta koma kamar ta bola. Ina tsakiyar? Daga Mai Burushi.

Amsa: Ɗan uwa wannan tambayar ta min daɗi. Tsakiyar tana cikin hotunan tarihi, kafin ka taɓa burushi ka zauna da hoton T-34 ta gaske ka kalla da kyau. Yawancin tankokin Yaƙin Duniya na Biyu basu daɗe a fagen fama ba har tsatsa ta cinye su, kuma sojan da ransa ke cikinta yana kula da ita. Inda zaka ga tsatsa salansa ce saboda zafi, da sarƙar safaya da aka ɗaure a jiki. Sarƙar da take takawa kuwa inda take gugar ƙasa da tayoyi sheƙi take yi, goga bakin fensir a wajen ka murza da yatsa kaga ƙarfe ya fito. Ƙura da laka daga ƙasa suke hawa, suna raguwa in an yi sama, fenti kuma yana ɓarewa ne inda takalmi da hannu ke taɓawa, bakin ƙofar shiga, wajen riƙewa, kan inji.

Abin da ya sa ta farko tayi kamar abin wasa rashin inuwa ne. Bayan fenti ya bushe ka shafa banish mai sheƙi, sannan ka tsinka fentin mai (oil paint), launin ruwan ƙasa mai duhu, da tina har ya zama kamar ruwa, ka ɗiga da siririn burushi a gindin kusoshi da layin walda, ka jira kamar minti ashirin, ka goge rarar da burushi mai ɗan danshin tina. Ranar da na fara yin haka a kan murfin injin wata T-34 na daɗe ina kallo, kusoshin da da bana gani duk suka miƙe tsaye, robar tayi nauyi a ido. Ka yi sashe ɗaya ka tsaya, ka ja baya ka kalla, ƙarawa tana da sauƙi cirewa ce aiki. Sannan ka lura saman sarƙar T-34 kwanciya yake akan tayoyi, ita kuwa Sherman tata a miƙe take, mutane da yawa suna barin ta T-34 tana shawagi a iska, ɗan sufa gulu a saman tayoyin zai kwantar da ita.

Taka dai a wanke lakar da tina in fentin mai kayi amfani dashi, in taƙi fita ka sake feshin koren sama-sama akai, abin da ke ƙasa zai dinga leƙowa kaɗan kuma yakan yi kyau.

Tambaya: Me yasa sitikata take fari-fari a gefe bayan ta bushe? Daga Ƙaninku.

Amsa: Iska ce ta maƙale a ƙarƙashinta, saboda fenti mara sheƙi yana da kaushi ko da ido baya gani. Shafa banish mai sheƙi a wajen tukuna, jiƙa sitikar a ruwa mai ɗumi har ta fara zamewa daga takardarta, ɗora, danna da auduga daga tsakiya zuwa gefe, in ta kwana sai ka rufe duka da banish mara sheƙi. Wadda ta riga tayi farin kuma ka soka mata ƙananan huji da allura, ka ɗiga ruwan laushin sitika irin Micro Sol, ka barta kar ka taɓa ko kaga ta yamutse, da kanta zata miƙe.