Kada ku tsare Yaya a ɗaki

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce mahaifinka, wato Yayana, ya fara mantuwa, kana tambaya ko zaman dara da zuwa suna da ɗaurin aure dole ne a al'ada, ko ku hana shi fita ya huta. Na yi murmushi, daga baya kuma hankalina ya tashi.

Ka taɓa tsayawa ka kalli darar nan kuwa? Gurbi 30 ne a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Sai an gama dasawa kaf ake fara tafiya, gida ɗaya-ɗaya. Wanda ya jera uku ya ci, ya cire ɗan abokin wasansa. Huɗu a jere ba ci ba ne. A da, da an sallame la'asar dattawa sun hallara gindin bishiya. Mai wasa yana lissafin nasa, yana hango tarkon da aka ɗana masa, 'yan kallo na zuga, ana gardamar wa ya haifi wane, wace shekara aka yi fari. Iyayenmu kan ce zumunci a ƙafa yake. Ku kuwa kun mayar da shi cikin waya, kun bar tsoho da rediyo.

A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da, in an magance su, za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa. Kaɗaici na ciki, da rashin ji, raunin gani, hawan jini da ciwon suga. Dara ba magani ba ce, amma ɗaki ya fi ta illa.

Ku fara da kunnensa da idonsa. Tsohon da ba ya jin hira shi ke janye jiki daga majalisa, a ɗauka miskilanci ne. A riƙa auna jininsa. Ya fita lokaci guda kullum, jika ya raka shi, a dawo kafin magariba, don ruɗewa ta fi tashi da duhu. Wurin biki ya gaisa, ya ci goro, a taho kafin hayaniya ta gajiyar da shi. In ya maimaita labari, kada ku ce ai ka faɗa ɗazu.

In ya ɓace a hanyar masallaci, ku kai shi wurin likita. In kuwa ruɗewar ta zo kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, ranar za ku tafi asibiti, don sau da yawa zazzaɓi ne, ko suga, ko ciwon mafitsara.