Tambaya da Amsa: Fizik kafin Bak

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ɗalibar lise ce nan Damagaram, bak, wato jarabawar ƙarshen lise, ya matso, na haddace formil ɗin fizik amma da na ga ekzersis sai kaina ya kulle. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata kwantar da hankalinki, hadda kaɗai ba ta isa, sai hannu ya saba. Ɗauko kaye ki gwada wannan: kin saki dutse cikin rijiya, ya taɓa ruwa bayan sakan 2, nawa zurfinta? g, wato ƙaruwar saurin faɗuwa saboda jan ƙasa, kusan 9,8 ne, h zurfi ne, t kuma lokaci, h = ½gt², wato 4,9 (rabin g) sau 4 (2 sau 2), mita 19,6 kenan. Yanzu maida shi sakan 3 da kanki, in kin samu 44,1 to wallahi kin kama hanya, kar dai ki manta rubuta mita a ƙarshe don nan maki ke zubewa.