Yaren Norwe da Zulu: akwai dangantaka, kuma wanne ya fi sauƙi ga Bahaushe?

Malam, ka tambaya ko yaren Norwe da na Zulu 'yan uwa ne, kuma wanne Bahaushe zai fi saurin kamawa. Ba su haɗa asali ba. Yaren Norwe ɗan uwan Jamusanci da Ingilishi ne, masu magana da shi kimanin miliyan 5, kuma ana rubuta shi iri biyu, Bokmål da Nynorsk. Zulu kuwa daga dangin Bantu yake, mutum fiye da miliyan 10 ne suka tashi da shi a Afirka ta Kudu.

Abin da ya fi burge ni shi ne kowanne yana da abin da kunnen Bahaushe ya saba da shi. Mutumin Norwe yana cewa bil, mota, sai bilen, motar. Ka ga a ƙarshen kalma yake liƙa tabbatarwa kamar mu. Zulu a gaba yake sauyawa: umuntu mutum, abantu mutane, kuma wannan ɗafin yana bin aikatau da sifa duk cikin jimla. Nan ne wahalar take, tare da sautukan ƙyasta harshe da ake rubutawa c, q da x. Amma b ɗinsu kusan ɓ ɗinmu ce, kuma karin sauti yana bambanta ma'ana a Zulu kamar a Hausa.

Tarihi ma ya haɗa su: Hans Schreuder, ɗan mishan daga Norwe, ya wallafa nahawun Zulu a 1850.

In kana jin Turanci, fara da na Norwe, zai fi zo maka da sauƙi.