Tukunya Ɗaya ko Biyu? Likita Ya Amsa wa Iyayen Samari da 'Yanmata a Sakkwato

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan duk daga bakin murhu suka fito, kuma masu su iyaye ne da 'ya'yansu suka fara tasawa. Na zaɓi biyar, na taƙaita wasu, na kuma cire sunaye kamar yadda aka saba.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 46, ɗiyana shida, uku sun zama samari. Wata huɗu ke nan da aka ce maigidana shina da hawan jini, aka ce a rage mashi gishiri. Tun sannan tukunya biyu nake ɗorawa, tashi daban, tamu daban. Tashi ba ya ci, sai in iske shi yana ɗibar tamu. Wallahi na gaji, ga tsadar gawayi. Miyarmu ta mutum takwas, magi shida nake sawa da cokalin gishiri. Mi zan yi? (Uwargida, Mabera)

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Sauke tukunya ɗaya, ki huta. Ban taɓa ganin gidan da girkin "mai lalura" ya ɗore ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana cin miyarki ba zai zauna da salam a kwano yana jin ƙamshin ta yara ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Mu yi lissafi da abin da kika faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato cokalin shayi ɗaya wanda ba a tula ba, kuma wannan ya haɗa da duk gishirin da ke ɓoye a cikin abinci. Ƙaramin dunƙulen magi yana da nauyin giram 4, kuma wajen rabinsa ko fiye gishiri ne. Shida sun ba ki giram 12 ke nan, ki ƙara cokalin da kike zubawa, kin doshi 18. A raba wa mutum takwas, kowa ya sha fiye da giram 2 a miyar dare kaɗai. Ba mu ƙirga burodin safe ba, ba mu ƙirga dafa-dukar rana ba, ba mu taɓa yaji ba, wanda shi ma da gishiri da magi aka daka shi. Ga kuma kanwa. Mutane da yawa ba su san cewa sinadarin da ke tayar da jini a cikin gishiri, wato sodiyam, shi ne ya cika kanwa ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙar yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. To, ɗan abin da ake jefawa a miyar kuɓewa ko a wake don ya yi saurin nuna, shi ma a rage. A jiƙa wake tun dare, zai nuna ba kanwa.

Yadda za ki yi: kada ki sanar, kada ki yi shela. Wannan makon magi biyar, bayan mako biyu huɗu, a haka har ki dawo biyu, gishirin kuma rabin cokali. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ta kai idan suka ci abincin biki su ce an zabga gishiri. Gurbin da magi ya bari ki cike shi da abin da iyayenmu suka sani tun kafin a ƙirƙiro shi: daddawa mai kyau, busasshen kifi da aka daka, tafarnuwa, citta, masoro, da albasa mai yawa wadda aka soya a hankali har ta yi zaƙi. Mu da albasar Goronyo da Wurno ke shigo wa buhu-buhu, ai ba mu da uzuri. Miyar sure kuwa tsaminta kaɗai ya isa ya rufe rashin gishiri.

Abin da ya sa na nace a kan tukunya ɗaya ba don sauƙinki kaɗai ba ne. Hawan jini yana bin gida. Samarin nan uku jinin babansu ne a jikinsu, kuma harshen da aka raina da magi shida, da shi za su shiga gidajensu. Ke ma, a shekara 46, yaushe rabon da a gwada ki? Idan awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama, ke ma kin shiga layi.

Abu biyu game da Alhaji. Rage gishiri ba ya maye gurbin magani, kada ya daina sha don ya ji garau. Sannan ya bar sayen maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen a kemis ba da sanin likitansa ba, suna tayar da jini, suna kuma taɓa ƙoda. Zoɓo yana ɗan saukar da jini, gaskiya ne, amma ba wanda aka narka wa rabin gwangwanin suga ba.

Tambaya: Ɗana mai shekara 16 ya ƙaurace wa tuwon gida. Bayan Isha'i sai teburin mai shayi, indomi da ƙwai da lemun ƙara kuzari. Ba ya barci sai ƙarfe biyu, da safe sai an yi faɗa ya tashi. Uwarsa ta ce raini ne, ni kuma ina tsoron ko ya fara shaye-shaye. (Malamin makaranta, Runjin Sambo)

Amsa: Malam, a cikin abin da ka lissafa ban ga shaye-shaye ba tukuna. Na ga yaro mai yunwa da abokai. A wannan shekarun jikin namiji yana miƙewa da sauri, yana iya cin abin da ya fi naka, kuma agogon barcinsa yana ja baya da kansa, ba ya jin barci da wuri kamar da. Amma yana bukatar awa takwas zuwa goma. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu aka tashe shi Asuba, rabin haka ma bai samu ba. Daga nan fushi, mantuwa da gyangyaɗi a aji suke fitowa.

Abin da na fi ƙi a jerin shi ne lemun. Ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yana ɗauke da kafin, sinadarin nan na gahawa da goro, wajen miligiram 80, kuma rabinsa yana nan a jini bayan awa biyar. Ya sha ƙarfe tara, ina barci? Lemun kwalba na yau da kullum kuma, robar rabin lita tana da suga kusan giram 50, cokalin shayi goma sha biyu. Ba wanda zai zuba wannan a kofi ɗaya yana kallo. Ita kuwa indomi ba guba ba ce, matsalarta ƙunshin garin da ke ciki, gishiri ne ya cika shi, ga ba ganye ba komai.

Hani ba zai yi aiki ba. Ba taliya ce ke kai shi teburin mai shayi ba, hira ce. Ga abin da na ga ya yi wa wasu gidaje amfani: a matso da abincin dare zuwa bayan Magariba, kafin ya fita, a ci tare, kai ma kana zaune, wayarka a aljihu. Wanda ya ƙoshi ya fita, shayi kawai zai sha. A tambaye shi abin da yake so a dafa sau ɗaya ko biyu a mako. Kuma, ko da Inna za ta yi dariya, a koya masa girki. Ya soya ƙwansa a gida, ya dafa indominsa da rabin garin, da kabeji da albasa da tumatir. Gobe jami'a zai tafi ko bautar ƙasa, ba wanda zai bi shi da kula.

Alamomin da za su sa ka damu da gaske daban ne: kuɗi ko kaya suna ɓacewa a gida, magana tana jan ƙafa kamar ta mai maye, ya canza abokai gaba ɗaya, ramewa, farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba (tiramol yana kawo ta), ko kwalaben maganin tari a ɗakinsa. Tun 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, amma bai ƙare a hannun yara ba. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kawo shi asibiti, kada ka fara da bulala.

Tambaya: Da zafin nan ba wuta, firji ya zama kabad. Ɗumame yana da illa? (Maman 'yan biyu, Gawon Nama)

Amsa: Ya danganta da abin da ake ɗumamawa. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. Sakkwato a watan Afirilu tana wuce 40. In ba makawa sai miya ta kwana, a tafasa ta sosai da dare, a rufe, kada a sake sa ludayi, da safe a sake tafasawa har ta yi ɓararraka. Tuwo a yanka ƙanana, zafi ya ratsa har tsakiya. Shinkafa ce mai ha'inci: akwai ƙwayar cuta da ke tsira daga dafuwa, ta saki guba idan shinkafar ta kwana a waje, kuma ɗumamawa ba ta kashe gubar. Ita ce ke sa amai bayan awa ɗaya zuwa shida. Shinkafa da wake da duk abin da aka yi da ƙwai ko madara, a dafa daidai ci.

Tambaya: Ɗiyata shekararta 15. Kullum gajiya, jiri in ta miƙe, ga cin ƙanƙara kamar me. Ba ta cin komai da safe sai shayi da burodi. Ƙawarta ta ba ta wasu ƙwayoyi wai na ƙiba. (Hajiya, Arkilla)

Amsa: Hajiya, ƙwayoyin nan su ne gaggawa, ki karɓe su yau ki kai wa likita ya gani. Abin da ake sayarwa 'yanmata da sunan sha-ka-fashe yawanci dexamethasone ne, ko a haɗa shi da wani mai buɗe ciki. Ƙibar da yake kawowa kumburi ce: fuska ta yi zagaye, fata ta tsattsage, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, jiki ya kasa yaƙar cuta. In ta yi makonni tana sha, kada a yanke mata lokaci ɗaya, wannan ma haɗari ne, likita ne zai janye shi a hankali.

Sauran bayanin kuwa hoton ƙarancin jini ne, irin wanda rashin sinadarin ƙarfe ke kawowa. Kwaɗayin ƙanƙara ko farar ƙasa alamarsa ce sananniya. Budurwa tana zubar da jini duk wata, tana kuma girma, bukatarta ta fi ta yayanta namiji, amma a gidajenmu tsokar nama kwanon maza take fara sauka. A yi mata awon jini. Idan haemoglobin, sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza giram 12, akwai ƙaranci. A duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, a yi mata gwajin jinotayif (genotype) saboda sikila. Ki kuma tambaye ta a keɓe, ke da ita, kwana nawa al'adarta take yi. In ta wuce bakwai ko tana zuwa da gudaji, a faɗa wa likita. Da yawansu kunya ke hana su magana.

A tukunya: hanta sau ɗaya a mako, nama ko kifi gwargwadon hali, wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, alayyafo. A bi da lemun zaƙi ko gwaiba, ko a matsa lemun tsami, don suna taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen. Shayi kuwa akasin haka yake yi, a raba shi da abinci da aƙalla awa ɗaya. In an rubuta mata ƙwayar ƙarin jini, bayan gida zai yi baƙi, ba komai ba ne, kuma ana ci gaba da sha wajen wata uku bayan jinin ya dawo. A ɓoye ta daga ƙananan yara, tana kisa idan suka haɗiya da yawa.

Tambaya: Shekarata 52, an ce ina da ciwon suga. Kowa ya ce in bar fura da tuwon dawa in koma alkama. Ni kuwa in ban sha fura ba kamar ban ci abinci ba. (Ɗan kasuwa, Ƙofar Marke)

Amsa: Alhaji, wanda zai raba Basakkwace da fura ya ɗauko babban aiki, ni ban ɗauka ba. Maganar alkama kuwa an zuzuta ta. Garin alkama mai laushi yana tayar da suga kamar sauran tuwo, ga tsada. Gero da dawa da ba a surfe su fes ba ba su gaza ta da komai ba. Abin dubawa shi ne yawa. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunka, miyar ganye ta fi tuwon yawa, da nama ko kifi ko wake a gefe. Fura ƙaramin dawo ɗaya, nono ya rinjaye ta, ba suga, ba zuma, don zuma ma suga ce. Kuma a matsayin abinci take, ba abin da ake korawa da shi bayan an cinye tuwo ba. Nonon ya kasance na madarar da aka tafasa, ɗanyar madara tana ɗauko tarin fuka da zazzaɓin dabbobi.

In kana son sanin gaskiyar furarka, ga gwaji: ka auna suga kafin ka sha, ka sake aunawa bayan awa biyu. In ya wuce 180, dawon ya yi girma, gobe a rage. Na'urar ba ta jin kunyar kowa.

Ka riƙa tafiya a ƙafa minti talatin, kwana biyar a mako, bayan Asuba kafin rana ta buɗe. Ka je a duba idonka da ƙodarka sau ɗaya a shekara ko da ba ka jin komai, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru duk suna yi. Tafin ƙafarka kuma ka duba shi kowane dare lokacin alwalar Isha'i, har tsakanin yatsu, kuma kada ka taka ƙasa ba takalmi, ko da a tsakar gida ne.