Amsar tambayarka Yaya, kan littafin da ka gani a hannun Auta

Yaya barka da warhaka, ya iyali, ya sanyin Zariya. Naga saƙonka tun shekaranjiya, aikin dare nake yi wannan satin shi yasa ban amsa ba. Kace ka ga Auta a hoto riƙe da wani littafi, da ka tambaye ta tace labarin wani yaro ne ɗan ƙabilar Cheroki, shine kake tambaya wai me ya haɗa mu da labarin jajayen Indiyawa, kuma ba ma tsoron abinda yaran nan ke kwasa a littattafan turawa. Tambayarka a kan hanya take wallahi, tsoron ma kullum da shi muke kwana, bari dai in maka bayani a rubuce don in ta waya ce rabin maganar netwok zai cinye.

Da farko sunan nan na jajayen Indiyawa a nan ba a faɗinsa, ba sa so, kowace ƙabila da sunanta. Mu nan Tulsa a jihar Oklahoma ta Amurka garin kansa a kan ƙasar Muskogi da Cheroki da Osej yake zaune, a titi zaka ga motoci da lambar gwamnatin Cheroki, a wajen aiki kuma tare muke da su. Maƙwabta ne, ba mutanen cikin fim ba.

Toh yadda muke yi mu Hausawan nan, kuma ba mu da yawa, ƴan gidaje ne daga Kano da Katsina da Maradi da wani gida ɗaya daga zangon Kumasi, duk littafin da yaro ya shigo da shi gida daga makaranta ko laburare sai uwa ko uba ya karanta, in ma ba duka ba to ya leƙa sosai. Ranar Lahadi bayan an taso Islamiyya muna haɗuwa a gidan wanda zagaye ya zo kansa, a ci tuwo ko dambu, sannan yaran su zo falo kowa ya bada labarin abinda ya karanta, amma da Hausa, ko ta karye ko ta gurɗe haka zai yi ta ja har ya kai ƙarshe, manya na gyara masa. Kai a gida ba ka buƙatar wannan don Inna na nan a ɗakinta, yaro ya dawo makaranta ya faɗa jikinta ya sha tatsuniya da faɗa da addu'a ba wanda ya tsara masa. Mu nan yaro zai shekara uku bai ga kakarsa ba sai ta bidiyo, gurbin nan kuwa in ba ka cike shi ba littafi da waya ne zasu cike.

Shi littafin sunansa The Education of Little Tree, ya fito a 1976 da sunan wani Forrest Carter. Labarin yaro ne ɗan shekara 5 da iyayensa suka rasu, kakanninsa suka ɗauke shi zuwa cikin duwatsun Tenesi a shekarun 1930 lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe kowa na fama da babu. Kakan bai yi boko ba amma ya san daji kamar tafin hannunsa, yana koya masa farauta da cewa kar ka ɗauki fiye da abinda kake buƙata, ita kuma kakar ita ke musu karatu da dare tana sa shi haddar kalmomi daga ƙamus. Akwai wajen da maciji ya taso wa yaron kakan ya miƙa hannunsa tsakani aka sare shi a madadinsa, Yaya a nan na ajiye littafin na yi kuka don Baba na tuna, ranar da ya goyo ka daga gona cikin ruwan nan. Daga baya hukuma ta ƙwace yaron aka kai shi gidan marayu na mishan inda aka zane shi har jini don kawai ya faɗi gaskiyar abinda ya gani a wani hoto. Rubutun mai sauƙi ne, da muryar yaro, yana shiga rai ba sallama. Abinda ban so ba tun farko, sana'ar kakan dafa giya ce a ɓoye kuma littafin ya ƙawata abin, wannan kam sai da muka zauna da Auta muka yi magana a kai.

Na gama ina ta yabonsa, sai na kai zancen wajen wata abokiyar aikina Bacherokiya, dattijuwa ce mai kirki. Ta yi shiru sannan tace in je in duba waye ya rubuta. Ashe sunansa na gaskiya Asa Earl Carter, bature ne ɗan Alabama, jigo a ƙungiyar Ku Klux Klan masu ƙin baƙar fata, kuma shine ake danganta wa rubuta jawabin da gwamna George Wallace ya yi a 1963 na cewa wariyar launin fata ta zauna har abada. Ya canza suna ya koma yana cewa shi jinin Cheroki ne kuma labarin rayuwarsa ce ya rubuta. Ya mutu a 1979, sai a 1991 lokacin littafin na kan gaba a kasuwa wani masanin tarihi Dan Carter ya fasa ƙwai a jaridar New York Times, aka cire shi daga sahun labaran gaskiya aka mayar ƙagaggen labari. Ka duba fa, mutumin da da ya ga ɗiyata baƙa da hijabi Allah kaɗai ya san me zai ce, shine ya sa ni kuka. Har yau abin yana min nauyi, ban iya cewa littafin ba daɗi don da daɗi, kuma ban iya miƙa wa yaro shi in yi shiru.

Ita abokiyar tawa abinda ya fi ɓata mata rai ba ma tarihin mutumin bane. Tace kalmomin da aka kira na Cheroki a ciki kakarta ba zata gane su ba, kuma an nuna su kamar wasu tsofaffin cikin daji da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, alhali suna nan da ransu da gwamnatinsu da kotunansu da asibitocinsu, mutum sama da 450,000.

Shine Abbansu yace to mu je mu gani da ido, muka cika mota biyu da yara muka tafi Talikwa hedkwatarsu, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu. Tun daga allunan titi zaka ga rubutunsu, baƙaƙe 85 da wani mutum Sikwoya ya ƙirƙira ya gama a 1821 alhali shi ko turanci bai iya karantawa ba, cikin ƴan shekaru jama'arsa suka iya karatu, a 1828 har sun fara buga jarida da harshensu, kaga shekara 111 kenan kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a nan Zariyarku. Duk da haka da aka ga zinare a ƙasarsu ta asali a jihar Jojiya, shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar tashin su a 1830, a 1838 zuwa 1839 sojoji suka fitar da su daga gidajensu aka koro kimanin mutum 16,000 tafiyar wajen mil 1,000 mafi yawa a ƙafa cikin hunturu, kimanin 4,000 suka mutu a sansani da kan hanya. Ita ake kira Hanyar Hawaye. Auta na tsaye tana karanta bayanin a gidan tarihinsu ta juyo tace Mama ai ya kai daga Sakkwato zuwa ina, nace ya wuce Legas nesa.

Amma ni abinda ya hana ni barci a daren nan maganar harshe ce. A 2019 da suka ƙidaya, waɗanda suka iya Cheroki sosai ba su wuce wajen 2,000 ba kuma yawanci tsofaffi, har suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan harshen. Su an tilasta musu ne, an kwashe yaransu zuwa makarantun kwana ana dukan wanda ya yi yaren gida, yanzu ga shi sun buɗe makarantar da tun daga ƙananan aji da Cheroki zalla ake koyarwa suna ta kokawar dawo da abinda aka raba su da shi. Mu ba wanda ya daki ɗan kowa, Hausa kuma a gida tana nan daram ba inda zata, amma a cikin falona ina gani da idona, Babban yana ji yana mayarwa, na tsakiya yana ji ya amsa da turanci, Auta kuwa sai ta tsaya ta lalubo kalma. Shi yasa kake ganin muna matsa wa kanmu da kuɗin jirgi duk hutun ƙarshen shekarar karatu ko da yaro ɗaya ne a turo muku, shi yasa duk wanda ya samar wa tsohuwarsa biza ta zo ta yi ƴan watanni gidansa ke zama gidan kowa, yara su yi ta zarya ana kai mata su.

Littafin dai na bar ta ta ƙarasa, ranar Lahadin da ta bada labarinsa na sa ta faɗa wa sauran yaran waye marubucin da abinda ya aikata, da Hausarta, ta yi ƙoƙari sosai har da kalmar munafunci ta kawo ba wanda ya taya ta.

Yanzu roƙona Yaya, don Allah in ka shiga wajen Inna da daddare ka kunna wayarka ka ɗauko min muryarta tana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ta Ta-kitse, da waƙar daka da take yi mana, kar ka ce mata ɗauka kake don zata canza murya. Ka turo ta WhatsApp ko guntu-guntu ne kafin Lahadi, a gidana zagayen ya faɗo wannan karon. A gaida Anti da yara.