Makarantar Haƙori Mai Suna Ko Mai Sauƙin Kuɗi?

TAMBAYA: Salam Dakta, da fatan kana lafiya. Ni ɗalibi ne a Amurka, Allah ya sa na samu admishan na karatun likitan haƙori a makarantu biyu, ɗaya ta jiha ce mai ɗan sauƙi, ɗayar mai zaman kanta ce mai suna amma kuɗinta ya kusa ninka na farkon. Burina in ƙware a gyaran jerin haƙora, masu sa waya ɗin nan, kuma mai tsadar na cewa yawancin ɗalibanta suna wucewa horon ƙwarewa. Dan Allah wacce zan ɗauka?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, barka da arziki. To kar wannan "yawancin" ya ruɗe ka. Ka fara tambayarsu me suka ƙirga a ciki, don wasu makarantun har da GPR da AEGD suke zubawa a lissafin, alhali waɗannan ƙarin horo ne na shekara 1 a aikin haƙori na gama-gari, ba ƙwarewa ba ne. Tambayar da za ka yi musu ita ce mutum nawa suka nemi gurbin gyaran jeri a 'yan shekarun nan, nawa suka samu. In ka ji an fara kame-kame to ka gane.

Sannan manyan makarantun nan tun wajen ɗauka suke tsince zaƙaƙurai waɗanda dama da niyyar ƙwarewa suka shigo, irin su ko ina ka kai su za su wuce, sai makaranta ta kwashe yabon. A ta jiha kuwa da yawa ba su ma nema ba, so suke su gama shekara 4 ɗinsu su kama aiki, ka ga kason zai fito ƙasa ba don ƙofar a rufe take ba.

Ba wai sunan banza ba ne fa. Tun 2012 jarrabawar ƙasa ta NBDE ta daina ba da maki, ko ka ci ko ka faɗi kawai, INBDE da ta zo a 2020 ta maye gurbinta ita ma haka, shi ya sa masu tantancewa suka koma duba na nawa ka zo a aji, da wasiƙun malamai, da binciken da ka yi, wasu kuma su nemi ADAT, wata jarrabawa ta masu neman horon ƙwarewa. Makarantar da ba ta jera ɗalibai, kamar Harvard, sunanta ne ke tsaya maka. A wadda ake jerawa kuwa sai ka dage ka shiga sahun gaba tun zangon farko, kuma gaskiya akwai wahala, kowa a ajin nan gwani ne a inda ya fito. Da a ce tiyatar baki da muƙamuƙi kake so da na ɗan sassauta, don can ana duba makin CBSE, jarrabawa ce kan darussan tushe na likitanci, kuma a Harvard da Columbia ɗaliban haƙori na ɗaukar darussan farko tare da ɗaliban likitanci, hakan na taimaka musu sosai.

Amma kai gyaran jeri ka ce, kuma nan ne maganar kuɗi ta ciji mutum, domin horon shekara 2 zuwa 3 ne kuma a wurare da yawa kai ne za ka biya kuɗin makaranta, ba kamar masu tiyata da asibiti ke ba albashi ba. Masu fita da bashi a Amurka a matsakaici suna ɗauke da wajen dala dubu 300, kuɗin ruwa na ta hawa kana horo. Ga shi kuma ɗalibai da dama sai sun fara taɓa bakin majinyaci a shekara ta 3 suke canza ra'ayi, bashin ko ba ya canzawa.

Ni dai ta jihar zan ce ka ɗauka, in dai tana da sashen gyaran jeri nata inda za ka riƙa leƙawa malaman su san fuskarka. Kafin ka biya kuɗin riƙe gurbi ka nemi 'yan shekarar ƙarshe na can ka ji daga bakinsu.