Jini ya ragu, amma feritin ya haye sama

Ka ce sakamakon mai tarin fukan nan ya ɗaure maka kai: PCV, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, ya sauka, sinadarin ƙarfe da ke yawo a jini ya yi ƙasa, amma feritin, furotin ɗin da jiki ke ajiye ƙarfe a cikinsa, ya haye sama, har kana zargin na'ura. Na'ura lafiyarta ƙalau, ɗana. Jikin mara lafiyan ne ya ɓoye ƙarfen da gangan.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini sukan saki wasu ƙananan sinadarai da ake kira saitokin, waɗanda suke kai saƙo daga wani sashe na jiki zuwa wani. Wanda ya shafi tambayarka shi ne IL-6. Da ya isa hanta, sai ta ƙara yin CRP ɗin nan da muke aunawa kullum don gano kumburin ciwo a jiki, ta kuma saki wani sinadari mai suna hefsidin. Aikin hefsidin shi ne toshe ƙofar da ƙarfe yake bi ya shiga jini. Wanda aka ci a abinci ya maƙale a bangon hanji, wanda aka tatso daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini kuma ya tsaya a saifa da hanta. Kamar gari ne da mahara suka shigo, aka garƙame rumbuna: maharan ba su samu hatsi ba, amma masu gida ma sun kwana da yunwa. Ɓargo ya rasa abin da zai haɗa sabon jini, shi ya sa PCV ya faɗi. Feritin kuwa shi ne ma'ajin, kuma kumburin ciwo kansa yana ɗaga shi.

Kusan duk ƙwayar cuta sai da ƙarfe take hayayyafa, ta tarin fuka da ta zazzaɓin cizon sauro duk haka suke. A 2011 an nuna a jikin ɓeraye cewa idan zazzaɓin ya riga ya kama jini, hefsidin yakan rage ƙarfen da ke cikin ƙwayoyin hanta, har sababbin ƙwayoyin cutar da sauro ya zuba su kasa girma a can.

Wannan ya sa nake ɓata rai idan na ga ana ɗura wa yaro mai zafin jiki maganin ƙarin jini mai ƙarfe daga kemis ba gwaji. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda sauro ya yi katutu, an yi gwaji a kan yara 'yan ƙasa da shekara 3 su fiye da 24,000, aka wallafa a 2006. Waɗanda aka riƙa ba ƙarfe da folik asid sun fi sauran kwanciya a asibiti ko rasuwa, har aka dakatar da ba su kafin wa'adi. Kada ka fahimce ni baibai, yaro mai ƙarancin ƙarfe na gaske yana buƙatarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a bayar, amma tare da rigakafin zazzaɓin da maganinsa.

Ba ƙarfe kaɗai ake ɓoyewa ba. Wani saitokin mai suna intaferon gama yakan sa ƙwayar jiki ta lalata tiriftofan, wani sinadarin gina furotin wanda ƙwayar cutar toksofilasma ba ta iya yi wa kanta, sai girmanta ya tsaya. Wani lokaci kuma cutar ce saƙon saitokin yake yi wa aiki. A ciwon kala'azar, wanda ya addabi yankin Gadarif na Sudan, wani saitokin mai suna IL-10 yakan yi yawa ya sanyaya fararen ƙwayoyin jinin da ya kamata su kashe cutar, cutar ta miƙe ƙafa a cikinsu.

To, gobe idan irin wannan jini ya zo hannunka, kada ka rubuta ƙarancin ƙarfe don ka ga ƙarfen jini a ƙasa. Haɗa da CRP. Shafa silaid, ka duba girman jajayen ƙwayoyin da launinsu, ka nemi ƙwayar zazzaɓi. Mai ƙarancin ƙarfe zalla feritin ɗinsa ƙasa yake. Idan feritin da CRP duk suna sama, rubuta su gefe da gefe a takardar, ka kawo mini in sa hannu kafin ta tafi wurin likita.